Daga Dakar, Bayan Na Dawo Daga Gore

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jikin Baba? Na san za ka ce sai yau na tuna da kai. A yi haƙuri, shirun ya yi yawa. Abin da na gani shekaranjiya ne ya hana ni sukuni, na ce sai na rubuto maka.

Da muka gama taron da ya kawo mu Dakar, babban birnin Senegal, sai na hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore, tafiyar minti 20. Ɗan mitsitsin wuri ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu mota ko ɗaya a ciki. Lunguna duk yashi, gidaje ja da rawaya, furanni sun zubo ta kan katanga. Yawancin mutane Gidan Bayi, wato gidan tarihin cinikin bayi, suke zuwa gani, kuma saboda tarihin bautar nan ne UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Na shiga ɗakunan ƙasa, na tsaya a bakin ƙofar nan mai kallon teku da ake kira ƙofar da ba a dawowa. Jikina ya yi sanyi. Wannan zancen sai mun haɗu, takarda ba za ta ɗauka ba.

Daga nan na kama hanyar tudun Kastel, inda tsoffin igwoyin Faransawa suke. Malam, hanyar nan dama da hagu zane ne a rataye, har a jikin kuka. A wata rumfa na tarar da wani dattijo da ƙorai cike da yashi kala-kala a gabansa. Ya ɗauki katako ya zana da gam, ban ga komai ba sai sheƙi. Ya barbaɗa baƙin yashi nan, ja can, fari a gefe, sannan ya ɗaga katakon ya buga shi a ƙasa sau ɗaya. Sai ga mace da tulu a ka, da goyo a baya! Wallahi sai da na yi salati.

Maƙwabcinsa kuma a bayan gilashi yake zane, suwer suke ce wa irin wannan zanen. Komai a juye ake yi: ƙwayar ido da layin fuska da farko, launin baya a ƙarshe, har sa hannu ma ta baibai. In ka yi kuskure a farko, shi ke nan, ya zauna a gaba kowa na gani.

To kai nake tunani tun daga wurin. Ina littafin zanenka? Kai da ka zana malamin lissafi da kunnuwan nan har aka yi mana bulala mu huɗu, yanzu an zama manya, sai tumbi da rawani a ofis. Mutanen nan ba su fi ka hannu ba, Allah shaida. Kullum ne dai suke zama su yi, ko an saya ko ba a saya ba. Shekara tara ke nan ka ajiye fensir, abin yana ci mini rai.

Af, ka san makarantar horar da malamai ta William Ponty, wadda Hamani Diori da Modibo Keita, shugabannin farko na Nijar da Mali, suka yi, a tsibirin nan take a da? Na ga ginin, na tuna gardamarku da mutuminka mai rediyo. Wai da gaske ne ya ƙara aure bai gaya wa kowa ba? Ƙanwarka ce ta fesa mini, kada ka ce ni na faɗa.

Na sayo maka suwer ƙarami mai hoton wani masunci, na naɗe shi cikin rigata saboda kada ya fashe. Ba zan ba ka ba sai ka aiko mini da zane ɗaya na hannunka, ko na butar alwala ne. Ka gaida uwargida da yara, a shafa mini kan auta.

Naka har kullum,
Abokinka