Zuwa ga Malamin da ya tambayi batun roba a cikin magani

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

A shirin lafiya na rediyo ranar Asabar kun bugo waya daga Birni, kuka ambaci sunana, kuka ce jikanku ya karanta takardar cikin kwalin magani ya ga an sa "povidone", ya ce muku polima ce, wato roba. Kuka tambaya: ashe leda kuke ba mu muna haɗiya? Lokaci ya ƙare ban amsa ba, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya kawo. Polima suna ne na duk abin da ƙananan ƙwayoyinsa da ido bai gani suka sarƙu kamar dogon carbi. Leda polima ce, amma sitacin gero ma polima ne, haka ƙaron da kuke sawa a tawada. Ku da kuka shekara kuna rubutu a allo kun riga ni sanin aikin: baƙin tukunya shi kaɗai kwantawa yake a gindin kurtu, sai an sa ƙaro yake tsayawa cikin ruwa.

To, magunguna da yawa halin baƙin tukunyar nan gare su. Ƙwayoyinsu sun jeru sun cure kamar tubalin ganuwa, ruwan ciki bai iya ɓamɓare su, abin da bai narke ba kuwa bai shiga jini. Maganin masassarar sauro mai lumefantrine na cikinsu, shi ya sa muke ta nanata a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, mutane suna zaton surutu ne. Dabarar masu haɗa magani ita ce su rushe jerin: a narka maganin tare da polima da zafi, ko a jiƙa su tare a fesa su bushe. Ƙwayoyin maganin sai su watsu tsakanin zaren polima, su rasa hanyar sake curewa. Da ya isa hanji polimar ta jawo ruwa, ta saki maganin, ta hana shi kwantawa har jiki ya ɗauka. Ita kanta bayan gida take bi ta fita.

Tun 1961 wasu Japanawa biyu, Sekiguchi da Obi, suka fara gwada irin wannan haɗi. Amma labarin da ya shafe mu na ritonavir ne, maganin ƙanjamau na kamfanin Abbott. A 1998 ya fara curewa cikin wata sabuwar siffa mai wuyar narkewa, har aka janye kafson daga kasuwa. Haɗinsa da lopinavir, Kaletra, da farko kafso ne mai son firijo, shida a yini. A 2005 aka fito da kwamprimensa da aka narka da copovidone, polima 'yar uwar povidone: huɗu a yini, ba firijo. Wanda ya san zafin Damagaram a watan Afrilu, da yadda wuta ke ɗaukewa, ya san abin da wannan ya sauƙaƙa wa mai jinya a ƙauyen Mirriya ko Tanut.

Kada in cika baki: povidone ɗin da ke cikin irin su parasetamol yawanci ɗanko ne kawai da ke riƙe garin kada ya farfashe.

Abin da ke damuna daban ne, Malam. Polimar nan mayyar laima ce. In ta sha danshi ta yi laushi, maganin ya koma curewa, ido kuwa ba zai gane ba. Don haka raina ke ɓaci in na ga kwamprime tsirara a tire cikin rana a Kasuwar Dole, ko an ƙulle a haɓar zane da damina. A bar shi cikin takardarsa ko kwalbarsa, a rufe, kuma kada a jefar da ɗan ƙunshin nan mai shan laima da ke ciki.

Ku turo mini yaron da kwalin gobe bayan La'asar, mu karanta tare in ga wane magani ne.

Ɗanku mai farmasi a Zango, Damagaram.