Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: A Samar Wa Hausa Kundin Sani

Mai girma Minista, assalamu alaikum.

Ni malamin sakandare ne. Sau da yawa ɗalibi kan tambaye ni abin da ke jawo husufin wata, ko yadda zuciya ke harba jini. Na yi masa bayani da Hausa, ya gane sarai. Amma in ya ce a ina zai ƙara karantawa, sai in rasa littafin da zan miƙa masa. Ƙamus muna da shi, Jami'ar Bayero ma ta fitar da nata a 2006, sai dai ƙamus ma'anar kalma yake bayarwa, ba ya warware al'amari daga tushe.

Ranka ya daɗe, abin da muke buƙata shi ne kundin sani, wato littafin da ke bayani a kan kowane fanni na ilimi. Dubi yadda Encyclopaedia Britannica, shahararren kundin sani na Turanci, ta faro. A birnin Edinburgh na ƙasar Scotland ne, a 1768, wani mai ɗab'i, Colin Macfarquhar, da mai sassaƙa hotuna a farantin tagulla, Andrew Bell, suka ɗauko William Smellie, ɗan shekara 28, ya zama edita. Ba su jira aikin ya kammala ba. Kashi-kashi suke bugawa, mutane na saye suna tarawa, har ya cika juzu'i 3 a 1771. Bugu na biyu ya kai juzu'i 10, aka shigo da tarihi da rayuwar mashahuran mutane. Na 11, a 1910 zuwa 1911, juzu'i 29 ne. Daga baya masana irin su Marie Curie da Albert Einstein suka yi rubutu a ciki. A 2012, bayan shekara 244, aka daina bugawa a takarda, aiki ya ci gaba a intanet.

Wannan farawa da kaɗan ita ce ta fi tsaya min a rai, domin kullum rashin kuɗi ake kawo mana a matsayin uzuri.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta haɗa masanan jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato, a gayyato 'yan'uwanmu na Yamai, a ware wa aikin kaso a kasafi. Kowane wata a fitar da 'yan maƙaloli a intanet da ƙananan littattafai, kowace da sunan marubucinta da editan da ya tantance ta. Matasan Wikipedia ta Hausa suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma nauyin nan bai kamata a bar wa 'yan sa-kai kaɗai ba. A fara da lafiya da noma da darussan kimiyyar sakandare; su ɗalibaina suka fi tambaya.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta