Wasiƙa kan makunnin yanke batir na Fijo 504

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Batun Fijo 504 ɗinka da batir ke mutuwa in ta kwana biyu a ajiye, shawarata ka sa mata makunnin yanke batir, amma a ɓangaren negetif.

Dalili shi ne, 504 negetif ɗinta ne ke haɗe da bodi. In makunnin yana wannan layin, ko sifana ta taɓa kusoshinsa da bodi lokaci guda, babu tartsatsi. Wasu tsofaffin motocin Ingila fozitif ne a bodi, a nan sai a juya lissafin.

Ka sayi makunni mai ɗaukar amfiya 200 zuwa 300 a kai a kai, domin kik kaɗai yana iya jan 150 zuwa 200 lokacin tayarwa. Ƙaramin makunni zafi zai yi ya narke. Kebul kuwa kada ya gaza kaurin na asali, milimita sikwaya 35 ya wadatar, kuma ya zama gajere.

Ka kashe mota, ka zare makulli, ka fara kwance negetif. Ka kafa makunnin kusa da batir, inda ruwa da zafin inji ba sa kaiwa. Sabon kebul ya tashi daga kan negetif na batir zuwa kusa ɗaya ta makunnin, tsohon da ke zuwa bodi da inji ya koma ɗayar. A matse bakunan kebul da abin matsewa, kada a bubbuga da guduma. Inda waya ke kama bodi, ka goge fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi haske, ka sa washa ka ɗaure, sannan ka shafa giris a sama.

Ga inda ake yawan kuskure. Duk wata siririyar waya da wani mai riwaya ya taɓa maƙalawa a kan negetif, ta rediyo ce ko ta fitila, dole ta koma bayan makunnin, wato ɓangaren bodi. In ka bar ta, batir zai ci gaba da zuƙewa. Mafi muni, ranar da aka murɗa kik makunni yana kashe, wutar za ta iya bi ta cikinta ta ƙone ta.

Don Allah kada ka kashe makunnin inji yana aiki. Altaneta za ta ci gaba da ba injin wuta, ƙarfin wutar ya yi tsalle, ya ƙone dayod ko regileta, masu daidaita wutar caji.

In an gama, ka ɗora mitar auna ƙarfin wuta a kan kusoshin makunnin biyu, wani ya tayar da motar. In ta wuce volt 0.2, akwai inda bai ɗauru ba, ko makunnin ne ba shi da inganci. Agogo da tashoshin rediyo za su riƙa gogewa duk lokacin da ka kashe makunnin, wannan ba matsala ba ce.

Ka gaida mini Hajiya da mutanen gida.

Naka,
Amininka