Wasiƙa zuwa ga ɗana: kada ka ajiye usur tukuna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta faɗa mini cewa yaran da kake horaswa a makarantarku sun sha kashi a yawancin wasanninsu na bana, har kana tunanin miƙa usur ga wani. Ta ce kana kukan babu takalma, babu raga, filin ma duk rami. Na kwana da maganar a raina.

Akwai wani mutum da nake so ka sani, Eddie Robinson. A 1941, yana ɗan shekara 22, ƙaramar kwalejin baƙar fata ta garin Grambling a jihar Luwiziyana ta Amurka ta ɗauke shi koci na ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ake rungume ƙwallo a ruga da ita. Kafin nan a wata masana'antar abincin dabbobi yake aiki a Baton Rouge, babban birnin jihar. Kakarsa ta farko wasa 3 kacal ya ci.

Ka dubi abin da yake yi da hannunsa. Shi ke zana layin fili kafin wasa. In za su tafi wasa wani gari, shi ke haɗa wa yara guzurin burodi, domin a kudancin Amurka na wancan zamani gidajen abinci na hanya ba sa karɓar baƙar fata. In an tashi wasa, wasu su tafi gida, shi ya zauna ya rubuta labarin wasan ya aika wa jaridu. Wannan guzurin ne ya fi tsaya mini a rai, ɗana. Mutum ya san za a wulaƙanta yaransa a hanya, sai ya riga wulaƙancin, ya cika musu ciki tun daga gida.

Da kakar 1942 ta zo, ƙungiyar Grambling ta gama wasanninta babu wanda ya doke ta, babu canjaras, kuma ba a ci ta ko maki ɗaya ba. Yaƙin duniya ya tsayar da wasa shekara biyu, ya jira, ya dawo. Sai a 1997 ya yi ritaya da nasara 408, kuma cikin yaransa har da Doug Williams, wanda ya zama gwarzon wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwararrun wannan ƙwallo a Amurka, a 1988.

Ba na ce lallai baɗi za ka cinye kowa ba, wannan na Allah ne. Amma shekara ɗaya ta yi kaɗan ka yanke wa kanka hukunci, kuma yaran nan suna kallon fuskarka fiye da yadda kake zato. Ranar Asabar ka tara su da shebur ku cike ramukan nan, kai ma ka naɗe wando ka shiga. Na ba ƙanenka kuɗin ƙwallo biyu da farar ƙasa ta zana layi, zai kawo maka ranar kasuwa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka