Godiya ga masu wani shagon kwamfuta a Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga masu wani ɗan shago da ke saman bene a Titin Beirut, musamman matashin nan mai farin gilashi, wanda ko sunansa ban tambaya ba.

Bara, da 'yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, na saya mata laftof a wani wuri da ba zan ambata ba. Na gan ta tana sheƙi, ga tambarin Core i7, wato sunan injin da ke cikinta, manne a jikinta, na ɗauka na tsinci dami a kala. Ashe tsohon zubi ce aka goge. Da an ɗauke wuta, ba ta minti ashirin take mutuwa. In yarinyar ta buɗe shafi uku a Chrome, sai ta kama nishi kamar a-kori-kura a kan tudu. Da na koma, mai shagon ko kallona bai yi ba, ya nuna min ƙasan rasit da yatsa: kaya in ya fita ba ya dawowa. Wata shida tana rubuta aikin makaranta a waya.

Shi ya sa na hau benen nan da shirin faɗa. Na nuna wata babba mai tsada, sai yaron ya ce, "Baba, me za ta yi da ita?" Na ce karatu da bincike a intanet. Ya ce to in bar waccan, ta masu wasan gem ce, ga nauyi ga shan caji.

Ya zaunar da ni ya yi min bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce HP da Dell da Lenovo duk suna da samfurin da suke ƙera wa ofisoshi, wato EliteBook da Latitude da ThinkPad, kuma na-hannu a cikinsu ya fi wata sabuwar mai araha ƙarko. Ya nuna min lambar da ke bin Core i5, sunan injin wata laftof ɗinsu, ya ce 8 ɗin farko shi ne zubi na takwas, daga nan manhajar Windows 11 ke karɓa, kuma ita ake buƙata tunda kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Sannan ya buga wani umarni, rahoton batir ya fito, na ga abin da yake ɗauka yana sabo da abin da ya rage yanzu. Wallahi ban san ana iya haka ba.

Muka tsaya a kan ThinkPad T480, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (ma'ajiya mai sauri), mai batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya ana cirewa. Ya sa 'yata ta danna kowane madanni da hannunta, ya rubuta garantin wata ɗaya a rasit.

Abin da ke ba ni takaici, wannan ai shi ne ciniki, amma ya zama abin mamaki. Wasu wuraren in ka ce a kunna maka ka gwada, sai a haɗe rai kamar ka zo roƙo. A canza batir da na jabu, a liƙa tambarin ƙarya, a rantse maka da Allah a kai, alhali kuɗin nan wani akuyarsa ya sayar, wani adashi ya ɗauka.

Yau wata huɗu ke nan ba mu ji ko tari ba. Allah ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaron nan albarka.

Naku,
Wani uba daga Gwammaja