Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Bauchi Kan Kama Mutane Saboda Ƙabilarsu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Bauchi,
Alhaji Dokta Rilwanu Sulaiman Adamu,
Ta hannun hakimanmu da dagatanmu,
Fadar Sarki, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwar ban girma irin ta 'ya'ya ga uba, mu talakawanka ne mazauna ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da birnin Bauchi, daga yankin Zungur da Galambi har zuwa Miri da Tirwun. A cikinmu akwai ardo-ardo, limamai, manoma, dillalan tike, mata masu tallar nono da matasa. Akwai Fulani, Hausawa, Gerawa da Jarawa. Mun haɗu a kan takarda ɗaya ne da gangan, don kada a ce wata ƙabila ce ta zo kare 'ya'yanta. Kukanmu shi ne: a ƙasarka, ranka ya daɗe, ana kama mutum, a ɗaure shi, ya shekara a tsare, ba don an gan shi ya aikata komai ba, sai don harshen da ke bakinsa da irin suturar da ke jikinsa.

Ba mu zo mu wanke masu laifi ba. A cikin waɗanda suka sa hannu a wannan takarda akwai wanda ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansar ɗansa, akwai wanda aka kore masa garke cikin dare bai sake ganin ko maraƙi ba. Mun san akwai 'ya'yan Fulani a cikin masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu, kuma ardo-ardonmu ba su musa ba. Amma kowa ya sani ɗan daji ba ya aiki shi kaɗai. Mai nuna gidan da za a shiga, mai kai fetur da burodi da ƙwaya, mahaucin da ke karɓar saniyar sata da asuba, galibi a gari suke zaune, kuma ba ƙabila ɗaya ba ce. Duk wanda aka kama da hujja, a hukunta shi, ko ɗan waye. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da muka ƙi shi ne a bar mai laifin a damƙi wanda ya yi kama da shi.

Ga yadda abin ke faruwa ranar kasuwa. Yaro ya kawo bijimi tike, an yi ciniki, dillali ya cire la'adarsa, yaro ya cusa kuɗinsa a aljihu ya hau babur ya nufi gida. A shingen bakin gari sai a tsayar da shi. Ɗan kasuwar da ke gabansa da buhun kuɗi an ɗaga masa hannu ya wuce, shi kuwa an ga malfa da sanda da takalmin roba. Tambayar farko ita ce, "Daga wace ruga kake?" Ta biyu, "Ina ka samu wannan kuɗi?" Hausa ba ta zauna a bakinsa sosai ba, ga tsoro, sai ya fara in-ina, in-inar nan kuma ita ce za ta zama shaida a kansa. A karɓe wayarsa, a ce addar da yake sassabe da ita makami ce. Kafin magariba yana ɗaure a ɗakin 'yan sintiri, an yi masa dukan da sai ya amsa abin da bai ma fahimta ba. Washegari uban zai zo ya durƙusa, a yanka masa abin da zai kawo. Sau da yawa a jikin bangon caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne, a ƙarƙashin rubutun nan ake ƙirga kuɗin saniya biyu. Saboda an san Bafulatani yana da abin sayarwa kuma yana tsoron hukuma, kama shi ya zama sana'a ga wasu ɓata-gari.

Ba duka jami'ai ne ke haka ba. Muna da 'yan sanda da mafarauta da 'yan banga da suka ba da rayukansu a dazukan jihar nan don mu yi barci, muna yi musu addu'a. Masu wannan ɗabi'a su ne ke zubar musu da mutunci.

Doka ba ta goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali ko addini. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 54, ta faɗa ƙarara cewa launin mutum, shekarunsa, askinsa ko suturarsa ba dalilin zargi ba ne, haka ma tunanin cewa wasu jinsin mutane sun fi wasu aikata laifi. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki kuwa ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da dukan neman iƙirari laifi. Ɗan sintiri kuwa, in ya kama mutum, abin da doka ta ba shi shi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba shi da ɗakin tsarewa, ba shi da ikon yanka tara.

Abin da ya fi ci mana rai, Allah ya taimaki Sarki, shi ne kama wani a madadin wani. A zo ruga neman saurayi, ba a same shi ba, sai a tafi da tsohon da ya haife shi, ko ƙaninsa, wani lokaci har da matar aure da goyo a bayanta, a ce sai ya fito za a sake su. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ya haramta wannan da kalmomi bayyanannu. Tun kafin dokar, Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da 'yan'uwansa suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a maimakon ƙaninsu. Ya nemi tsarin Allah daga kama wani in ba wanda aka sami kayan a wurinsa ba, ya ce yin haka zalunci ne. Wannan yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 79, yaranmu na makarantar allo suna karanta ta. Yaya za a yi a garin malamai irin Bauchi a kwana da tsoho a bayan kanta saboda laifin da ake zargin ɗansa?

Wanda iyayensa ba su da saniyar sayarwa shi ne ke ganin ƙarshen wahala. A rubuta masa bayani da Turanci, a kama yatsansa a dangwala, bai san abin da ke cikin takardar ba. A kai shi kotun majistare da tuhumar garkuwa da mutane ko fashi da makami, laifukan da kotun ba ta da hurumin yanke hukunci a kansu, sai ta tura shi gidan gyaran hali ya jira shawarar ma'aikatar shari'a. Dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa kwana 14 ga irin wannan tsarewa a karon farko, kuma ba a ƙara wa'adin sai da dalili. Amma mun ga waɗanda damina ta same su a ciki, ta wuce, wata ta zo, fayil ɗinsu bai motsa ba. Ba abin mamaki ba ne da aka wayi gari kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne. Ranar da aka fito da shi gaban alƙali, ana magana da Turanci, a juya masa da Hausa sama-sama, Fulfulde kuwa babu mai ji a ɗakin. A tambaye shi ko ya gane, ya ɗaga kai don ladabi, a rubuta cewa ya gane. Alhali sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta, ya kuma ce shi mara laifi ne har sai an tabbatar. Uwarsa za ta baro ruga tun da asuba da fura a ƙwarya, ta biya kuɗin mota da cinikin nonon mako guda, ta tsaya a layi cikin rana, ta gan shi na ɗan lokaci ta koma ba ta san ko ranar da za a sake zaman shari'ar ba.

Akwai kuma holin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida. In Bafulatani ne, sai an faɗi ƙabilarsa a rediyo da Facebook. In wani ne, sunansa da garinsa kawai ake faɗa. Da haka kunnen jama'a ya saba, har yara a unguwa suka fara tsokanar masu tallar nono da sunan 'yan garkuwa. Ko kotu ta wanke mutum daga baya, hotonsa yana nan yana yawo a wayoyi.

Manoman cikinmu sun ce lallai a rubuta nasu, kuma gaskiyarsu ne. Shanu su cinye gonar talaka Bajari ko Bahaushe ana gab da girbi, ya kai ƙara, kafin ya koma gida mai shanun ya riga shi isa, don ya sayar da tunkiya ya toshe baki. Haka a cikin birni, in an yi faɗan sara-suka sai a share duk saurayin da aka tarar a bakin layi a wasu unguwanni, da mai laifi da mai dawowa daga gareji. Tsakanin manomi da makiyayi, kowanne ɓangare yana ganin an fifita ɗayan, alhali duka biyun hannu ɗaya ne ke tatsarsu.

Wannan hali yana lalata tsaron da ake cewa ana nema. Mutumin ruga shi ne ya fi kowa sanin baƙuwar fuska a daji da sawun baburan da suka wuce da dare. Amma ya ga maƙwabcinsa ya je kai rahoto an riƙe shi, to shi me zai kai shi? Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ko ya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura. Yaron da ya shiga gidan yari ba shi da laifi, ya zauna shekara biyu tare da riƙaƙƙun 'yan fashi, ya fito ya tarar garken gidansu ya ƙare a kan shari'arsa, wa zai yi mamaki in ya lalace?

Mu 'yan Arewa mun san ɗacin wannan abu in an yi mana shi a waje. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin Sallah, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su ba bincike ba shari'a. A ranar 14 ga Agustan 2021 aka kashe matafiya fiye da 20 a hanyar Rukuba da ke Jos, kuma daga taron zikiri na nan Bauchi suka taso. Duk mun yi kuka, mun ce an kashe su ne don kamanninsu. Ba zai yiwu mu yi wannan kuka a kan Uromi ba, sannan mu kau da kai in an yi wa ɗan rugar bayan gidanmu irin wannan kallo.

Ranka ya daɗe, gadon da kake kai shi ya ba mu ƙarfin gwiwar zuwa. Malam Yakubu da ya kafa wannan birni Bageri ne, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya damƙa masa tuta saboda iliminsa da amanarsa, a lokacin da sauran masu tuta Fulani ne. Masarautar da aka kafa a kan haka ita ta fi cancanta ta tsawatar.

Roƙonmu na farko, kuma mafi girma, shi ne Mai Martaba ya kira zama a fada da Kwamishinan 'Yan Sanda, shugabannin 'yan banga da mafarauta, hakimai da ardo-ardo, a fito da umarni a fili cewa an daina kama wani a madadin wani, kuma an rufe duk ɗakin tsarewa da ba na hukuma ba. A sanar da shi a rediyo da Hausa da Fulfulde da Jaranci, a karanta a masallatai da majami'u da kasuwanni, don talaka ya san haƙƙinsa.

Muna kuma roƙon a buɗe rajista a kowane caji ofis da ofishin 'yan sintiri: wa aka kama, a ina, da wane dalili, me aka karɓa a hannunsa, yaushe aka kai shi kotu, wane harshe yake ji. A Ingila, bayan kisan wani saurayi baƙar fata mai suna Stephen Lawrence a Landan a 1993, binciken da aka fitar a 1999 ya tabbatar da wariyar launin fata a aikin 'yan sandan birnin, kuma cikin shawarwarinsa har da rubuta duk wanda aka tare da asalinsa. Da rubutu ne ake gane ko ana yi wa wasu yawa, ba da musu ba. Dokar 'Yan Sanda ta riga ta ɗora wa alƙalan majistare ziyartar wuraren tsarewa duk wata. A taimaka wannan ziyara ta tabbata har a ƙauyuka, su duba rajistar da idonsu.

Sauran buƙatunmu ba su da tsada. Fada ta isar da kukanmu ga Babban Jojin Jiha da Kwamishinan Shari'a, a tace fayilolin waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a, wanda babu hujja a kansa a sallame shi. A samar da tafintan Fulfulde da sauran harsunanmu a kotuna, kada a karɓi bayanin da aka dangwala wa hannu ba lauya ko wani nasa a wurin, a kuma sanar da ofishin Hukumar Ba da Tallafin Lauya da zarar an tsare wanda ba shi da hali. A tike, sarkin tike ya riƙa ba duk wanda ya sayar da dabba takardar shaida mai hatimi, ta zama kariyarsa a hanya, ta kuma toshe kasuwar shanun sata. A daina ambaton ƙabila wajen holin waɗanda ake zargi. A ɓarnar gona kuma, dagaci da ardo su je su gani da ido kafin a taɓa aljihun kowa.

Mu ma mun ɗauki namu nauyin. Ardo-ardonmu da masu unguwanninmu sun amince za su sanar da dagaci duk baƙon da ya sauka, kuma ba za su ɓoye ɗan da ya lalace ba, muddin wanda ya kawo rahoto ba zai kwana a tsare ba.

Muna da iyalan da abin ya shafa, a shirye suke su zo su yi bayani da bakinsu, wasu da takardun kotu a hannu. Sun nemi kada a sa sunayensu a nan saboda tsoron abin da zai biyo baya, amma za su faɗa a gaban Sarki. Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada tare da su.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Bauchi lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Wakilan ardo-ardo, limamai, manoma, dillalan tike, mata da matasa na ƙauyuka da rugagen kewayen Bauchi.