Kakanni, Mu Rage Kyauta Mu Ba Jikoki Jari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana kakanni na birnin Kano, maza da mata, a kan kuɗin da muke danƙa wa jikokinmu.

Jika ya shigo gaisuwa, a kira shi ango ko amarya, a yi wasa, a kwance bakin zani a miƙa masa ɗari biyar. Kafin la'asar kuɗin sun ƙare a wurin mai shago. Son jika ba laifi ba ne, amma yaron da iyakar abin da ya sani shi ne a miƙa wa mai POS kati a zaro kuɗi, zai ɗauka haka suke zuwa. Kakanni ne suka fi kowa damar gyara wannan, domin wasan da ke tsakaninsu da jika yana sa ya saurare su ba fargaba, balle ɗan fari da iyayensa ke yi wa alkunya.

A fara da aike tun yana shekara 7 ko 8. A ba shi kuɗi ya sayo abu biyu ko uku, ya dawo ya faɗi farashin kowanne, ya ƙirga canji a gaban mai aiken. Kada a ce masa "riƙe canjin" kullum, don daga nan ne yara ke koyon ƙara farashi a kan cefane. Shara, wanke-wanke da ɗebo ruwa kuwa aikin gida ne, ba a biyan yaro a kansu. Wanda aka saba wa biya, ranar da babu kuɗi ba zai ɗaga tsintsiya ba.

Idan ya kai shekara 10, ya iya tarawa da ɗebewa, sai a ba shi jari ƙarami, a kafa masa tebur a zaure ko a ƙofar gida inda ido ke kansa. Kayan da ba sa lalacewa za a zaɓa: alawa, biskit, ashana, sabulu. A je da shi sari, Singa ko Kasuwar Rimi, ya ga yadda ake tayawa da yadda farashin kwali ya bambanta da na ɗai-ɗai. Ga misalin lissafin da ya kamata ya rubuta da hannunsa a littafi mai layi. A ce ya sari fakitin alawa mai guda 40 a kan naira 1,500, yana sayar da ɗaya naira 50. Idan ta ƙare, cinikinsa 2,000 ne, uwar kuɗi 1,500, riba 500. To da ya sha huɗu, ya ba abokai shida bashi ba su biya ba, guda goma sun tafi, kuma su ne ribar gaba ɗaya. Alawa ta goma sha ɗaya da zai taɓa, uwar kuɗi ya fara ci. Yaro ya fahimci wannan lissafi da idonsa, ya samu abin da manya da yawa suka karye a Kantin Kwari saboda rashinsa, wato bambance ciniki da riba.

Gwangwani biyu da asusu ɗaya sun isa. Uwar kuɗi a gwangwaninta, ba a taɓa ta sai ranar sari. Ribar a raba biyu, rabi a gwangwani na biyu ya kashe yadda ya ga dama, rabi a asusun ƙasa wanda sai an fasa, a sa ranar fasawa, misali jajiberin Sallah. Kowace Juma'a da yamma a zauna da shi a ƙirga kayan da suka rage a gwada da littafi.

Abin da ya fi rusa wannan tsari mutanen gida ne. Uwa ta ɗauki sabulu ta ce a rubuta, yaya ya ɗebi biskit, baba ya ranci na asusu da sunan gobe. Dole kaka ta kafa doka cewa kowa zai biya nan take, ita ma haka. Na biyu tausayi. Jari ya karye, yaro ya yi kuka, kaka ta cike gurbin a ɓoye. Hakan na koya masa cewa asara ba ta da ciwo. A bar teburin ya zauna babu kaya mako biyu, a bi littafin tare a gano inda kuɗin ya zurare, sannan a ba shi rabin jarin farko a matsayin rance da zai biya daga riba.

Gidan da ke da fili, kiwo ya fi tebur koyar da haƙuri. Kazar Hausa tana kwanci kwana 21, akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, kuma kullum sai an ba su dusa da ruwa. A sa kuɗin dusa da harawa cikin lissafi, in ba haka ba yaro zai ɗauka duk kuɗin da aka sayar riba ce. A kai kaji rigakafi kafin hunturu, lokacin da annoba ke share akurki, a kuma kife 'yan tsaki da kwando saboda shaho.

Ina jan kunne da babbar murya: wannan ba talla ba ce. Babu ɗora wa yarinya faranti ta shiga tasha ko gareji, babu ciniki a lokacin boko ko Islamiyya. Awa ɗaya ko biyu bayan an taso ya wadatar, kuma da zarar karatu ya fara ja baya, a rufe teburin.

Daga shekara 14, a dogon hutu, a kai shi wurin amintaccen mai sana'a, tela a unguwa, mai gyaran waya a Farm Centre, ko ɗan'uwa mai shago a Ƙofar Wambai. A yi magana da ubangidan tun farko a kan lokacin zuwa da tashi, kuɗin abinci da na mota, da cewa koyo ya zo yi, ba dako ba. Kaka kuma ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗan kasuwa mai jikoki, daga cikin birnin Kano